Xan Qasa Nagari

Baffa ya daɗe yana rubuta tarihin gidanmu, kuma duk wanda ya san Baffa ya san ba tarihi zalla yake rubutawa ba, ƙara yake ɗaukakawa. Akwai wata fadama a bakin rafi, akwai wata sarautar dagaci da ta fita daga ɗakinmu ta koma ɗakin 'yan uba tun zamanin En'e, akwai kuma shafi ɗari uku da ɗoriya da Baffa ya tanada don duniya ta san yadda aka yi. Tsohon hedimasta ne, da jan biro da baƙi yake aiki, a littafin 'yan makaranta mai layi. In littafi ya cika sai ya kai wa mai buga takardu. Masu bugawar sun yi ta sauyawa: wani ya rasu, wani ya koma sayar da katin waya, wani ya tafi Umara ya zarce. Daga ƙarshe aiki ya gangaro kaina, ni mai ɗan shagon buga takardu da katin biki, don ina da wata daraja guda da sauran ba su da ita a wurin Baffa: ni ba a biyana.

An sa ranar ƙaddamarwa, an kama ɗakin taro, mata sun fitar da anko. Sai had-dis ɗin kwamfutata ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas da hantsi, kafin la'asar ya yi shirun da ba a tashi.

Ko gezau ban yi ba. Ni mutum ne mai ajiya, na sha yi wa abokan sana'a huɗuba a kan haka a teburin mai shayi. Ina da filash, kuma ba filash na yara ba: terabait ɗaya cur, an rubuta a jikinsa da ruwan gwal. A kasuwar 'yan waya na same shi, a kan kuɗin da ba zai sayi rabin buhun gawayi ba, don mai kayan ya ce wani kamfani ne ya karye ake gwanjon kayansa. Dama na riga na juye masa komai bi da bi: takardun mutane da farko, sai hotuna da bidiyon bukukuwa, sai a ƙarshe abin da ɗan koyo ke mantawa amma gwani ba ya mantawa, wato foldar font.

Wanda ba ɗan sana'a ba zai ce mene ne kuma font. Kwamfuta ba ta san kamannin harafi ba, lamba kawai take riƙewa. In ka danna ƙaramin b, abin da ta ajiye shi ne 98. In za ta nuna maka, sai ta leƙa wani fayil ta ga yadda ake zana 98 ɗin, siriri ne ko mai jiki, a tsaye ko a karkace. Wannan fayil shi ne font. Yawancinsu sunansu na ƙarewa da .ttf, wato TrueType, tsarin da kamfanin Apple ya fito da shi a 1991, Windows ma ta ɗauka a 1992. Ni kuwa na tara su ba iyaka: na katin aure masu lauje-lauje, na fastar 'yan siyasa masu ƙaton kai, na Larabci, da na Hausa waɗanda na gada tare da littafin Baffa.

Injiniyan da ke min gyara ya sa sabon had-dis, ya ɗora Windows sabuwa fil, na dawo shago na zauna mayar da kaya. Takardu suka koma lafiya lau. Da na zo kan font na zaɓe su duka na ce a sanya, sai kwamfuta ta karɓi na farko-farkon, sannan ta fara turjiya. Wani ɗan saƙo ya riƙa fitowa, wai wannan fayil bai yi kama da sahihin font ba. Na kawar, wani ya fito. Na kawar, wani ya fito. Font ɗin da na buga katin auren rabin unguwa da shi, yau Windows da ko kwana ba ta yi a duniya ba take ce min ba sahihi ba ne.

Na rungumi kwamfuta na koma wurin Injiniya. Ba ya nan, sai yaronsa, wani mai saurin hannu da ba ya barin mutum ya ƙarasa magana.

"Oga, rainin hankali ne kawai. In tana farke ba za ta yarda ba. Sai an shammace ta."

Ya tayar da na'urar daga wani filash nasu na gyara, ta yadda Windows na can tana barci ba ta san abin da ake ciki ba, ya ɗauki foldata ɗungurungum ya juye a kan foldar font ta Windows ɗin. Aka tambaye shi ko a danne waɗanda aka tarar a wurin, ya ce a danne duka. Na yaba masa, na ba shi na goro.

Da na kunna ta a shago, ta tashi, amma ba ita ba ce. Rubutun jikinta ya sauya kama, nan ya yi kauri, can ya kwanta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne 'yan alamomin nan na kashewa, na saiti, na batir, na intanet: duk sun zama akwatuna, fanko, iri ɗaya sak. Ashe a Windows 10 yawancin alamomin nan ba hotuna ba ne, su ma haruffa ne a cikin wani font mai suna Segoe MDL2 Assets, kuma akwatin nan shi ne abin da kwamfuta ke nunawa in ta nemi zanen wata lamba ta rasa. Na so in kashe ta in sake kunnawa, na danna akwati, saiti ya buɗe. Na danna na ƙasansa, hotuna suka buɗe. Yaron shagona ya tsaya a bayana yana ba da shawara, "Oga, gwada wancan akwatin," sai ka ce shi ya san abin da ke ciki.

Ana haka sai ga Baffa da sandarsa da jan biro, ya zo duba gyaran ƙarshe. Na jawo masa kujera, na yi bisimilla na buɗe littafin. Alhamdu lillahi ya buɗe, babi bai ɓata ba. Na juya masa fuskar kwamfutar. Ya gyara zaman tabarau ya yi shiru. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Kai, zo nan. Karanta min wannan."

Na leƙa. Layin farko na babi na ɗaya, wanda na riga na haddace, ya koma haka: Kakanmu xan qasa ne nagari, bai tava cin haqqin kowa ba.

"Baffa, ai ɗan ƙasa ne. Ƙugiyoyin ne suka..."

"Bar zancen ƙasa, dama ta lalace ba yau ba. Wannan fa?" Ya ɗora bakin biro a kan x. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa. Abu biyu na san ana yi da wannan harafi. Ko yaro ya faɗi a zabga masa shi, ko a lissafi a ce abin da ba a sani ba. Wanne kake nufi da kakana?"

Tsautsayi ya sa ya gangara shafi na gaba, inda salsalar gidan take. Wane xan wane, xan wane, xan wane, tun daga Baffa har zuwa wanda ya fara saran dajin. Babu uban da ya tsira, kowanne an soke shi a gaban sunansa.

"La haula wala ƙuwwata," in ji Baffa a hankali. "Sun iso har nan."

"Su wa, Baffa?"

"Kar ka mai da ni yaro. Wa zai ci riba in aka ce ba a san uban kowa ba a ɗakinmu?"

Na ce Baffa ku yi haƙuri mu duba gaba, wataƙila can da sauƙi. Can ya fi muni. Babin da wanda ya tafi Umara ya buga, babu x babu q, sai wasu ƙarafa: }asa, ]an, ~arna, {auye. Baffa ya ce nan kuma an rufe baka ba a buɗe ba, ko ɗan aji uku ba zai yi haka ba, don haka ko dai aikin asiri ne ko aikin kuɗi. Ya tambaya ko wani daga cikin 'yan wancan ɗakin ya shigo shagon kwanan nan. Ina ƙoƙarin cewa a'a, yaron shagona, Allah ya shirye shi, ya ce ai kuwa wani ya zo ya yi hoton katin zaɓe, har ma ya jingina da teburin kwamfutar. Baffa ya miƙe bai ce uffan ba. Bayan magariba aka aiko min da rubutu a gora, wai a yayyafa wa na'urar. Na shanye, don na fi ta buƙata.

Abin da ya faru da haruffan Baffa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya buga Hausa a kwamfuta kafin zamanin wayar hannu mai shafawa. Boko ya samu ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya tun shekarun 1930, injinan ɗab'i na Zariya sun yi ta buga su, amma da kwamfuta ta zo ta zo da allon Turanci, ba ta tanadar musu wuri ba. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, ya fara fitowa a 1991, amma an daɗe kafin font-font da manhajojin da muke aiki da su, irin su PageMaker, su san da zamansa. Sai masu dabara suka duba suka ga Hausa ba ta aiki da q da x da v. Suka buɗe font, suka goge zanen q suka zana ƙ a gurbinsa, suka zana ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v. Wasu kuma suka bar waɗannan haruffa suka ari gurbin baka da sauran alamomin gefen allo. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano yana cikin waɗanda suka ƙera irin waɗannan font-font a shekarun 1990, kuma duk tsohon ɗan sana'a ya san sunan Rabi'at da Abdalla. Ba ƙaramin aiki suka yi mana ba. Jaridu da littattafan hikaya da kundayen digiri ba adadi da su aka buga, kuma ni ba na zama inda ake raina su. Sai dai a wannan tsari ƙugiyar ba ta cikin rubutun, tana cikin font. A can ciki x na nan x ɗinsa, an dai sa shi ya fito da fuskar ɗ. Ranar da font ya mutu, ko aka buɗe takardar a inda babu shi, sai Word ta ɗauko wani ta maye gurbinsa ba sallama, kowa ya fito da fuskarsa ta asali.

Wannan duk na sani. Abin da ban gane ba shi ne me ya kashe nawa, alhali ga su nan a filash, kowanne da sunansa da nauyinsa daidai.

'Yar yayata ce ta warware. Tana karatun kwamfuta, ta zo hutu, uwarta ta turo ta da tuwo don an ce na daina zuwa gida cin abinci. Ta ajiye kwano ta ja kujera.

"Kawu, ka taɓa buɗe abin da ka ajiye a filash ɗin nan bayan ka ajiye?"

Na ce ai ajiya ba a yawan buɗe ta.

Ta sauko da wata 'yar manhaja da ke nuna hanjin fayil, lamba-lamba. Ta buɗe Arial daga filash ɗina, ta nuna min farkonsa: 00 01 00 00. Ta ce da haka lafiyayyen TrueType ke farawa, ɗan'uwansa OpenType kuma sau da yawa da kalmar OTTO. A ƙasa ga sunayen sassan fayil ɗin ana iya karanta su, cmap da ke haɗa lamba da zane, glyf da ke ɗauke da zanen kansa. Sannan ta buɗe font ɗin Hausa da Baffa ya dogara da shi. Sifili. Ta gangara, sifili. Har ƙarshe babu komai sai 00, jere reras, an cika nauyin fayil da babu.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani tsari ya fito. Kwamfutata ta kwafe su ne bisa jerin abacada, don haka duk font ɗin da sunansa ya fara daga A zuwa wajejen G ya tsira, daga nan zuwa Z gawa ne. Segoe ya tafi, Tahoma ya tafi, Times New Roman ya tafi, kuma gawarwakin ne yaron Injiniya ya ɗora a kan masu rai. Comic Sans kuwa, wanda ba mai yi masa addu'a, yana nan garau.

"Kawu, filash ɗinka ba terabait ɗaya ba ne."

"An rubuta a jiki."

"An rubuta."

Ta yi min bayani. Akwai masu ɗaukar ƙaramin filash su sauya lissafin da ke ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa gaya wa kwamfuta shi ƙato ne. Yana karɓar kaya tsakani da Allah har ya cika gaskiyar cikinsa, daga nan sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa, amma yana rubuta suna da nauyi a jerin kaya. Kamar magatakardan sito ne da ke shigar da kowane buhu a littafi da kyakkyawan rubutu, alhali ta ƙofar baya ake fita da su. Ta haɗa nauyin duk abin da ya tsira, bai kai gigabait 30 ba. Ta sa wata manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika filash da kaya sannan ta karanta ta ga nawa ya dawo, ita ma ta ba da shaida iri ɗaya. Wato gaskiyar filash ɗina ta ƙare ne a tsakiyar foldar font. Bidiyon bukukuwa ne suka cinye wurin, kuma duk sun tsira, har da na auren da tuni ya mutu an raba kaya.

Na ɗauki filash na nufi kasuwa, don ni ba a yi min haka. Na sami mutumina yana cin gyaɗa. Na zayyana masa komai, har da sifili. Ya karɓa ya jujjuya.

"Alhaji, lodi ka yi masa?"

Na ce ko kashi ɗaya cikin talatin na abin da aka rubuta ban zuba ba.

"To ai shi ne. Shi irin wannan ba a ɗura masa kaya lokaci guda. A hankali ake bi da shi, yana sabawa yana buɗewa." Ya ce in ina so ya canza min da mai terabait biyu, in cika kaɗan. Na tsaya ina tunani, don gaskiya farashin ya yi kyau, sai na tuna yarinyar nan na jirana a shago.

Gyaran Windows ɗin kanta bai yi wuya a baki ba. Ta buɗe baƙin allon nan na ba da umarni ta rubuta sfc /scannow, wanda ke bin fayilolin Windows yana gwada su da na asali. Ya gama ya ce ya ga ɓarna amma akwai wadda ta fi ƙarfinsa, don juyen da aka yi ya taɓa har ma'ajiyar da yake ɗebo na asalin. Sai ta koma kan wani umarnin mai suna DISM, wanda ke sauko da lafiyayyun daga intanet, wato daga datata. Ya tafi tiryan-tiryan har kashi 62.3 cikin ɗari ya tsaya cak. Ta ce haka yake yi, kar in taɓa. Na zauna ina kallon 62.3, data na tafiya, har aka ɗauke wuta. Muka tayar da janareta muka sake daga farko. Da ya gama ta sake sfc, sannan ta goge wani fayil mai suna FNTCACHE.DAT, inda Windows ke ajiye abin da ta haddace game da font, don kar ta ci gaba da tuna gawa. Aka kashe aka kunna. Akwatuna suka koma batir da saiti da makashi. Yaron shagona ya yi kabbara.

Amma littafin Baffa na nan da x ɗinsa, don font-font ɗin Hausa ba 'ya'yan Windows ba ne, ba ta san su ba balle ta dawo da su. Yarinya ta ce a bar su kawai, a mayar da rubutun kan Unicode a huta har abada, tunda yanzu ƙ na da lambarsa, ɗ na da tasa, kuma Times New Roman na yanzu da Charis SIL da Andika da Noto duk suna da su. Na ƙi. Ina da dalili: in aka sauya font, layi zai motsa, shafi zai motsa, kuma ƙumshiyar littafin da fihirisar sunayen da ke bayansa da hannu aka buga lambobinsu, ɗaya bayan ɗaya, Baffa na tsaye a kai.

Sai na shiga gari neman tsohon font. Aka kwatanta min wani dattijo a wata tsohuwar maɗaba'a, mai kwamfutar da har yau Windows XP take ɗauke da ita, an lulluɓe ta da zanin atamfa. Ya saurare ni da tausayawa, ya ce yana da su. Na fito da filash, ya daka min tsawa, ya ce rabon da a soka wa na'urarsa baƙon abu tun kafin a haifi autarsa. Ya ƙona min a faifan CD. Na dawo shago da murna, na zagaya kwamfutata gaba da baya, babu ramin faifai. Sai da muka aro wata a maƙwabta. Font ɗin masu q da x ya dace, rabin littafi ya warke nan take. Na masu baka kuwa bai dace ba. Ga alama wanda ya tafi Umara da nasa ya tafi.

Ba yadda na iya, aka koma maganar yarinya. Ta nuna min yadda ake yi a Word: ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, sai ƙ ya fito, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Sai ka ce a nemo kaza a musanya da kaza, a bambance babban baƙi da ƙarami. Ta ce tunda an fara, a yi wa littafin duka, kar a bar rabi a tsohon tsari. Ta kuma faɗi wata magana a kan cewa a taƙaita neman ga rubutun da ke cikin font ɗin Hausa kaɗai, amma a lokacin an kira sallah, janareta na ƙara, kuma ta faɗe ta ne tana saka takalmi. Duk mai adalci ya san ba haka ake ba da muhimmin bayani ba.

Na musanya duka. Word ta ba ni lissafin dubban wurare da ta gyara, na ji daɗi. Kakanmu ya koma ɗan ƙasa nagari, kowane uba ya dawo gaban ɗansa. Na buga gwaji na kai wa Baffa har gida. Ya karanta salsala sau biyu yana gyaɗa kai, ya ce rubutun nan na malam ba ya ƙarya.

Da safe sai ga shi a shago kafin in buɗe.

Littafin da ke shari'a da zamanin Turawa dole ya ɗauko takardun Turawa, kuma masu bugun farko sukan koma font na Turanci in sun zo kansu. Ni kuwa na bi ta kan kowa. Native Authority ta zama Natiɓe Authority, a wuri fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ga Proɓince, ga Goɓernor, ga takardar haraji ta koma taɗ. A babin da Baffa ke ba da labarin yadda aka kai su kallon Sarauniyar Ingila da ta zo Nijeriya a 1956, ga ta nan an rubuta Ƙueen. A ƙumshiya kuwa, inda shafukan gabatarwa ke da lambar Rumawa, sadaukarwa na shafi na iɓ, godiya na shafi na ɓii, jawabin marubuci ya fara a shafi na ɗiɓ. Ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba, in hakan na rage zafi: duk mai karanta kundayen Hausa a intanet ya sha cin karo da Oɗford Uniɓersity a jerin manazarta, kuma ta wannan hanya aka haife ta.

Yarinya ta zo ta tarar da mu. Ta dubi takardar ta dubi Baffa.

"Angona, ai gyara aka yi maka. Da can ba ka iya faɗar su daidai ba, yanzu an rubuta yadda kake faɗa."

"Tafi can, amaryar da ba ta iya tuwo ba," in ji Baffa. Amma ya miƙa mata jan biron, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mahaluki ba.

Muka kwana muna farauta. Ita tana neman duk kalmar da ƙugiya ta faɗa tsakiyar Turanci, ni ina gyara lambobin fihirisa da suka motsa, Baffa na kan tabarma yana tsaron kada a taɓa masa fadama. Da muka gama ta mayar da littafin PDF, ta tabbatar an cusa font ɗin a cikinsa yadda ko an kai shi wace maɗaba'a ba zai sauya fuska ba. Ta ajiye kwafi a wayarta, kwafi a imel, kwafi a wani filash ɗan ƙarami mai tsada da ta sa na saya, kuma ta buɗe kowanne a gabana tana kallona.

Ranar ƙaddamarwa ɗaki ya cika, 'yan wancan ɗakin ma sun zo sun zauna a sahun gaba da manyan riguna. Mai sharhin littafi, wani malamin jami'a mai son dogon Turanci da doguwar Hausa, ya yi ta yabo har ya zo shafin da ake maganar ranar da aka karɓe sarautar. Sai na ga ya tsaya, ya matso da littafin kusa da ido. Cikina ya ɗuri ruwa. Guda ɗaya ta tsere mana.

"Jama'a, ku dubi hikima," in ji shi. "A duk littafin nan marubuci ya rubuta sunan hukumar nan yadda Turawa ke rubutawa. Amma a nan, a daidai ranar da aka yi zaluncin, sai ya rubuta Natiɓe." Ya faɗe ta da ɓ mai nauyi, har lasifika ta yi gum. "Ya murɗe mata wuya da harafinmu. Wannan shi ake kira turjiya ta alƙalami."

Aka ɗauki tafi. Baffa ya sunkuyar da kai irin na wanda aka gano sirrinsa, ya ɗaga hannu kaɗan. Babban mai ƙaddamarwa ya ƙara kuɗi a kan abin da ya yi niyya.

Da taro ya watse ina naɗe wayar lasifika, Baffa ya kira ni gefe, ya rage murya.

"Waɗancan da kuka goge, na Turawan. Guda nawa ne?"

Na ce suna da yawa, Baffa.

"A bugu na biyu a mayar da su duka. Har da Ƙueen ɗin. Su ma su ji yadda ake ji in an murɗe wa mutum suna."